Yana Iya Tafiya?

Ni dai tun ina ƙarama aka san ni da baki. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Kaltum, harshenki ya riga hankalinki tashi daga barci." Ban taɓa yarda ba sai da na kai shekara arba'in da tara, na yi wa yayana Kalli abin da ko maƙiyinsa bai taɓa yi masa ba. Amma bari in fara da shi kansa, don in ba ku san Ya Kalli ba, ba za ku gane girman ɓarnar ba.

A Nguru aka haife mu, unguwar Bulabulin. Mahaifinmu ɗan dako ne a kasuwar kifi, yana loda kwalayen banda a mota. Ya Kalli ya girme ni da shekara shida. An ce har ya kai shekara huɗu ba yaron da ya kai shi gudu a layinmu. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, da ya tashi ƙafafun ba su tashi tare da shi ba. Shan inna. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi har Dagona wurin wata tsohuwa mai shafa, duk a banza. Ni da na buɗe ido, a ƙasa na same shi, yana tafiya da hannu biyu, ƙafafun suna binsa a baya. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, na zaci kowane gida da irin nasu yayan.

Yana da shekara sha biyu Baba ya kai shi wurin Malam Dunoma mai wankin hula, kusa da tashar jirgin ƙasa. Kullum da safe sai ya rarrafa daga gida zuwa can, da yamma ya rarrafo ya dawo. Da bazara yashi ya gasa masa tafin hannu, da damina ya shigo gida jage-jage da taɓo. Shekara biyar yana wannan. Bai taɓa ba mu labarin abin da yake gamuwa da shi a hanya ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Yana sha bakwai wani mai walda a Gashua, Bappayo, ya haɗa masa keke da tarkacen tsofaffin kekuna: ƙafa uku, kujerar katako, sarƙa ta hau sama zuwa feda biyu da ake murzawa da hannu. Ranar da aka sauke shi daga saman mota ina nan tsaye. Ya Kalli ya kama ƙarfen, ya ɗaga kansa ya zauna, ya zaga unguwa sau biyu yara suna binsa da ihu. Da ya dawo ƙofar gida bai yi dariya ba. Ya dubi mahaifiyarmu ya ce, "Wallahi daga yau ba wanda zai sake ganina a ƙasa a bainar jama'a."

Ta ce, "Kai ɗan nan, kada ka rantse, duniya da faɗi."

Ya ce, "Na riga na rantse."

Shekara talatin da takwas yana riƙe da wannan magana. Ya shirya duniyarsa kaf daidai da tsayin kujerar keken. Da ya buɗe nasa wurin wankin, ya sa magini ya yi masa dakali daidai da ita, yadda zai zame daga wannan zuwa wancan ba tare da ya taɓa ƙasa ba. A masallacin unguwa akwai wani falanki da ake ajiye masa a ƙofar gefe. In zai shiga mota, a matso da keken jikin ƙofar gaba, ya kama saman motar ya wurga kansa ciki, a ɗaure keken a sama. Hannuwansa kuwa kamar taɓare. Gidan da zaurensa ke da tudu, ko suna ake ko ɗaurin aure, daga waje zai yi barka ya juya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da mahaifiyarmu ta rasu. Maza suka dawo daga maƙabarta suka ce keken ya kafe a yashi tun daga bakin shiga. Taku arba'in ne kawai zuwa kabarin. Sai ya zauna a kan kekensa yana hangen ana binne uwarsa, bai sauka ba. Da na ji, na same shi har ɗaki na zazzage masa. Na ce girman kai ne, na ce farar rigarsa ta fi masa uwar da ta haife shi. Ya bar ni na gama, ya ce, "Kaltum, ke ba ki taɓa zama a ƙasa ba." Ni kuwa na ci gaba da ɗauka cewa tsabar son tsafta ne da taurin kai irin na gidanmu.

Sana'arsa kam ba a magana. Ya Kalli yana kallon hula zai gaya maka wane irin mai mai ita yake shafawa, da ko babur yake hawa ko mota. Yana wanke ta da burushi mai laushi don kada zaren ya tashi, ya sa sitaci daidai, ya kafa ta a kan gungumen katako mai girman kan mai ita, ya shanya, sannan ya buge. Gumaguman nan sun fi sittin a jere a kan dakalinsa, kuma ya san kan kowa a cikinsu. Yakan ce duk girman mutum a Nguru sai ya cire hula a gabansa. Har daga Machina ake aiko masa. Duk mako kuma sai ya zo Gashua, inda nake zaune, da ƙullin huluna na masu shaguna, ya raba, ya karɓi masu datti, sannan ya biyo rumfata kusa da tasha inda nake sayar da tuwon shinkafa da miyar kifi. Zai cinye kwano biyu sannan ya ce gishiri ya yi yawa. In ce masa, "Allah ya sa ya kashe ka." Ya ce, "Sai mako mai zuwa."

Ya yi aure, ya auri Larai, mace mai sanyin hali. Suka haifi 'ya ɗaya tal, Halimatusa'adiya. Kowa Sadiya yake ce mata, shi kaɗai yake kiran sunan gaba ɗaya, wai shi ya raɗa shi kuma bai ga dalilin gutsure shi ba. Larai ta rasu yarinyar tana da shekara tara. Na ce ya ba ni ita in riƙe a Gashua, ya ƙi. Shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan kekensa, ya koyi dafa abinci, kitso ne kaɗai ya gagare shi. Da ta girma ta auri Abdulbaƙi, wani yaron kirki mai fataucin dabbobi, ya tafi da ita Legas. Daga ranar Ya Kalli ya rage surutu.

To, bara da bazara, ranar wata Litinin da hantsi, Abdulbaƙi ya kira ni. An yi wa Sadiya aiki an ciro ɗa namiji. Jaririn lafiya, amma ita jini ya ƙi tsayawa. Tana farfaɗowa tana komawa, kuma duk sanda ta buɗe ido "Baba" kawai take cewa. Likita ya ce in da wanda take son gani, ya zo da wuri. Hanyar mota kwana biyu ce. Don haka Abdulbaƙi ya yankar mana tikitin jirgin sama daga Kano, ni da Ya Kalli, na washegari da azahar. Ya gaya wa masu tikitin cewa surukinsa mai keke ne, ya kuma ba su lambata, saboda shi Ya Kalli hannunsa kullum a ruwa yake, ba ya ɗaukar waya.

Ina cikin haɗa kaya a rumfa, idona duk hawaye, sai wata maƙwabciyata mai sayar da fura ta taɓe baki ta ce, "Yo shi Kalli ina zai iya wannan tafiya? Gurgu da jirgin sama? Ai gara ki je ke kaɗai." Wallahi sai da na ji kamar in kifa mata tukunyar miya. Shekara da shekaru ina jin irin wannan magana a kan yayana, ba zai iya kaza ba, ba zai iya kaza ba, alhali ya fi mazajensu amfani. Ban gama hucewa ba waya ta yi ƙara.

Wata yarinya ce mai sanyin murya, da Hausar Kano. Ta ce daga ofishin tikiti ne. Ta ce, "Hajiya, an ce mana fasinja ɗaya mai keke ne, ina so in cike masa takarda. Yana iya tafiya?"

Ai kamar ta zuba fetur a wuta. Na ce, "Ke 'yar nan, wa kike tambaya ko yana iya tafiya? Mutumin da duk mako sai ya taso daga Nguru ya zo Gashua? Ya je Machina, ya je Damaturu, Kanon taku ma ya je ta fi sau goma. Ke kin yi tafiyar da ya yi?"

Ta ce, "A'a Hajiya, yi haƙuri, ina nufin ko kaɗan ce, yana iya yi da kansa?"

Na ce, "Da kansa mana! Wa kika ga yana riƙe masa hannu? Kuma ba kaɗan ba, mai yawa ma."

Ta ce, "To alhamdulillahi, na rubuta." Na kashe waya ina jin daɗi, wai ni na kare wa yayana mutunci. Ita tafiyar ƙafa take tambaya, ni tafiyar gari nake amsawa. Kalma ɗaya ce, kuma ko a mafarki ban kawo cewa akwai ta biyun ba, don mu a gidanmu an fi shekara hamsin ba a haɗa sunan Ya Kalli da tafiyar ƙafa ba.

Da yamma na hau mota zuwa Nguru. Washegari bayan sallar asuba muka ɗauki shatar wani direba da ya saba kai shi Gashua, aka ɗaure keken a sama. Ya Kalli ya sa farar shadda da hular da ya fi so. Na miƙa masa ruwa a hanya ya ce a'a. Ashe tun jiya ya daina sha, don bai san irin banɗakin da zai tarar ba. Har muka wuce Haɗeja carbi kawai yake ja.

A filin jirgi ya shiga da kekensa yana murzawa, mutane suna ba shi hanya. Sai a kantar auna kaya wani ma'aikaci ya zagayo ya auna keken da ido, ya kira wani, suka kawo awo. Suka ce jirgin ƙarami ne, wannan keke ba zai shiga ƙofar ma'ajiyar kaya ba, ga tsawo ga fedar nan da ta yi sama, kuma ba ya naɗewa. Na fara masifa, Ya Kalli ya ɗaga mini hannu. Suka ce kada mu damu, akwai nasu keken, a can Legas ma akwai. Aka turo shi. Ya Kalli ya daɗe yana kallonsa kafin ya kama hannun kujerar ya zame ya koma ciki. Direbanmu ya tura namu keken ya fita da shi, zai mayar Nguru. Ya Kalli ya bi shi da kallo har ƙofar gilashi ta rufe.

Keken nasu ƙananan tayoyi ne da shi, can ƙasa, hannu ba ya kai musu. Ba a yi shi don mai shi ya tuƙa kansa ba, sai dai a tura. Na ga hannuwan Ya Kalli sun ɗago suna neman feda a gabansa, suka sami iska, ya mayar da su cinya. Wani dattijon ma'aikaci mai suna Zakir ya tura shi zuwa ɗakin jira, ya ajiye shi yana fuskantar wani ginshiƙi, ya taka birki, ya ce yana zuwa. Birkin ma a baya yake. Mutumin da ba a taɓa juya shi ba tun yana sha bakwai, sai ga shi yana cewa, "Kaltum, ɗan juya ni in ga mutane."

Jirgi ya yi jinkirin awa biyu. Abdulbaƙi ya kira sau uku. A na ukun ya ce an ƙara mata jini, ta buɗe ido ta tambaya ko Baba ya taso. Ya Kalli ya karɓi wayar ya ce, "Gaya mata ina hanya." Leɓensa duk ya bushe. Lokacin azahar ya yi, na kawo masa ɗan dutse daga jakata ya yi taimama, ya yi salla a zaune inda aka ajiye shi.

Da aka kira mu, Malam Zakir ya dawo ya tura shi ta wata ƙofa, muka bi bayan jama'a a cikin rana. Zafin da ke tashi daga kwaltar nan har fuska. Ga jirgin can tsaye, fari, an jingina masa matakalar ƙarfe. Na ƙirga da ido, hawa goma sha takwas. Malam Zakir ya kai keken gindin matakalar ya taka birki, ya ce, "Bismilla, Alhaji. A hankali, ka kama ƙarfen."

Ya Kalli ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ce, "In kama in yi yaya?"

"Ka hau mana."

"Da wace ƙafar?"

Malam Zakir ya sunkuya ya dubi inda shaddar ta kwanta shafal a kan abin ɗora ƙafa. Ya ce, "Innalillahi." Ya ɗaga oba-oba ya yi magana. Aka ce sauran fasinjoji su wuce. Suka riƙa ratsa mu ɗaya bayan ɗaya, wasu suna sannu, wasu suna kawar da kai, har aka bar mu mu uku a rana. Sai wata shugabarsu ta zo da takarda a hannu, mace mai kamala, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce suna da mota mai ɗaga mutum har ƙofar jirgi, da wata siririyar kujera da ake bi da ita tsakanin kujeru, amma sai an nema tun jiya ake tanadarsu, yanzu suna wani ɓangare can da nisa, mai tuƙa motar ma ba ya kan aiki. Ta nuna takardar ta ce, "An kira lambar da aka ba mu. An ce yana iya tafiya da kansa, mai yawa ma."

Mai yawa ma. Maganata ce, ko wasali ba a canja ba. Na buɗe baki in yi faɗa kamar yadda na saba, na rasa wanda zan yi da shi. Na ce, "Ya Kalli, ni ce. Ni aka kira. Na zaci..." Bai waiwayo ba. Matakalar yake kallo.

Na ce to a sami maza biyu su ɗauke shi. Matar ta ce doka ta hana su ɗaukar fasinja a hannu a kan matakala, in aka zame da shi fa? Ta ce abin da za ta iya shi ne ta mayar mana da tafiyar zuwa jibi, a shirya komai yadda ya kamata, don na gobe ya cika. Jibi! Yarinyar da ake ƙara wa jini yau. Kekenmu kuwa ya kai Gumel ko ya wuce. Gaba kura, baya sayaki. Daga sama wani ma'aikaci ya leƙo ya nuna agogon hannunsa.

Na kwance mayafina na ɗaura a ƙugu, na juya masa baya na durƙusa. Na ce, "Hau, in goya ka."

Ya ce, "Tashi, Kaltum. Ke da gwiwarki ba ta kai ki masallaci sai kin huta? Mu faɗo mu biyu a rasa mai zuwa wurin yarinyar?"

Na ce, "To yaya za mu yi?" Ina kuka sosai yanzu, ba kunya.

Na san abin da yake aunawa, rantsuwarsa da 'yarsa, kuma na san ni na ɗora shi a kan sikelin. Ya ciro hularsa ya miƙo mini, ya cire agogo, ya tattare gaban rigarsa ya cusa a wando. Na taɓa matakalar na ji ta kamar murfin tukunya a kan wuta. Na cire silifas ɗina na miƙa masa ya sa a hannu. Ya dube su, ya dube ni, da wani irin kallo da ban taɓa gani a idonsa ba. Ya ce, "Mayar da takalminki." Sannan ya yi bismilla, ya dafa hannun kujerar, ya sauko ƙasa.

Ban taɓa ganin yadda ya tsufa ba sai a ranar. Da yana yaro rarrafen nan ba ya yi masa wuya. Yanzu ga shekara hamsin da biyar, ga jiki, ga ƙishirwar kwana guda. Yakan dafa hawa ɗaya da hannu biyu, ya ja jikinsa, ƙafafun su bugi ƙarfe su biyo. Ni ina bayansa na kwance mayafin na baza shi da hannu biyu ina kare shi, ban ma san daga wa nake kare shi ba, don duk tagogin jirgin fuskoki ne. A hawa na goma ya tsaya, ya kifa goshinsa a kan damtsensa yana haki. Malam Zakir daga ƙasa yana ta "Sannu Alhaji, sannu Alhaji." Ya Kalli ya ɗago ya ci gaba.

Da muka kai ƙofa na ce alhamdulillahi, an gama. Ashe ba a gama ba. Ma'aikaciyar jirgin ta dubi tikitinmu, ta dube shi a ƙasa, ta rasa yadda za ta yi da fuskarta. Kujerarmu tana layi na goma sha tara. Ta fara waige-waige ko wani na gaba zai tashi, amma kafin ta buɗe baki ya riga ya shiga. Ina jin so yake kawai abin ya ƙare. Hanyar siririya ce, kafaɗunsa suna gogar kujeru dama da hagu. Jirgin ya yi tsit. Mutane suna janye ƙafafunsu da jakunkunansu. Wata yarinya ta ce, "Mama, ga wani yana rarrafe," uwar ta toshe mata baki.

A layi na huɗu ne ko na biyar wani mutum ya sunkuyo. Dattijo ne mai haiba, da babbar riga, fuskarsa cike da tausayi, wallahi ba mugu ba ne. Ya zaro sabuwar takardar kuɗi ya cusa a aljihun gaban rigar Ya Kalli, ya ce, "Bawan Allah, ga wannan ba yawa. A sa mu a addu'a."

Ya Kalli ya tsaya cak. Hannuwansa biyu suna ƙasa, su ke ɗauke da shi, in ya ɗaga ɗaya zai kife. Ba shi da hannun da zai ce a'a da shi. Kafin in yi wani abu wata mata a layin baya ta ga abin da dattijon ya yi, ita ma ta buɗe jaka. Nan bakina ya dawo. Na ce, "Baiwar Allah, rufe jakarki! Wannan mai sana'a ne, ya fi..." Ya Kalli ya ce, "Kaltum." A hankali ya faɗa, ko ɗagowa bai yi ba. Na yi shiru. Ya ci gaba da ja har layi na goma sha tara, ya kama hannun kujera ya hau.

A nan na gane abin da na kasa ganewa shekara talatin da takwas. Ba datti yake gudu ba, ba kuma girman kai ba ne. Shekara biyar ɗin nan da ya yi yana bin hanyar tasha da hannu, yana yaro, wannan ne abin da yake gamuwa da shi kullum bai gaya mana ba. Na tuna irin zagin da na yi masa ranar rasuwar mahaifiyarmu, na ji kunya ta rufe ni har na kasa kallon gefensa.

Na ce, "Kawo in mayar masa da kuɗinsa." Na yunƙura zan tashi, ma'aikaciyar ta zo ta ce in zauna, an rufe ƙofa, kowa ya ɗaura bel. Ta sunkuya ta ɗaure Ya Kalli da kanta, ta ja ta tsuke. Jirgin ya fara motsi. Gefen takardar kuɗin yana leƙowa daga aljihunsa, a kan ƙirjinsa, shi bai taɓa ta ba, ni ma na kasa kai hannu. Na ɗora masa hularsa, ta zauna a karkace, bai gyara ba.

Tafin hannuwansa sun yi baƙi, ƙarfe ya ƙone su, fata ta tashi a wuri biyu. Saboda zugi ya kasa rufe su, kuma ba ya so ya ɓata shaddar, sai ya ɗora su a kan gwiwoyinsa a buɗe, suna kallon sama. Mutumin da ke kujerar tsallake ya waiwayo ya dube shi, ya dubi hannuwan, ya fara laluben aljihu.

Ya Kalli ya bi idon mutumin har zuwa kan hannuwansa. Sai ya kife su a kan farar rigar, ya danna da ƙarfi, ya bar su a haka har muka isa Legas.